Ƙafar Puk Mai Sheƙi

Phnom Penh, 4 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga yayata, Bong Kunthea,

Na haɗa hannuwa biyu ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bong Sambath. Ki durƙusa a gaban mahaifinmu, Puk, ki isar masa da gaisuwata. Ni lafiya lau nake, aiki ne kawai ya yi yawa. A makon nan kaɗai mutum goma sha ɗaya muka auna don yi musu ƙafar roba, tara daga cikinsu nakiya ce ta taɓa su.

Bong, yau kwana ashirin da uku ke nan da na baro gida bayan bikin tunawa da magabata, kuma ban ji komai ba game da ƙafar da na kawo wa Puk. Yana tafiya da ita sosai? Ya shiga gona da ita?

Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki kamar wannan ba. Ita ce ƙafa ta farko da aka bar ni na yi ni kaɗai. Bayan na ɗauko siffar dungunsa da filasta, da hannuna na sa faifan roba a tanderu har ya yi laushi kamar danƙo, na lulluɓa shi a kan siffar, muka zuƙe iskar da inji har ya kama jikinta tsaf. Wannan duk aikin rabin yini ne. Abin da ya ci mini kwana uku shi ne gyaran bayanta. Na bi ta da takardar yashi mai kaushi, na koma mai laushi, na ƙare da tsumma a kan inji, sai da na ga fuskata a jikinta. Malamarmu, Neak Kru Phalla, ta juya ta a hannu ta ce, “Wannan ƙafa ce ko madubi?”

Sai magana ɗaya mai nauyi. Tsohuwar ƙafar nan da ya sassaƙa da icen rimi yake ɗaurawa da robar taya, ki ƙone ta. Cinye masa dungu take yi. Na ga inda fatar ta fara baƙi. Idan wurin ya ruɓe, sama da gwiwa likitoci za su yanke, kuma mai shekara sittin da biyu da aka yi wa haka ba ya sake komawa gona.

Ina jiran amsarki. Ki huta lafiya.

Ƙaninki mai girmama ki,
Vichea

*

Anlong Svay, 13 ga Nuwamba

Ƙanina, Oun Vichea,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Wasiƙarka ta iso a hannun mai motar lemu, tana warin busasshen kifi, amma ta karantu. Kai dai har yanzu rubutu kake kamar mai neman aiki a ofishin gwamna. Ni ce fa, wadda ta goya ka kana yi mini fitsari a baya.

To, tunda ka tambaya: ba ya sawa.

Na so in yi maka ƙarya, Sambath ya ce ƙaryata ba ta kwana biyu. Ranar da ka tafi, Puk ya tsaya da ita a bakin hanya, a miƙe kamar soja, har motarku ta sha kwana. Daga nan ya lallaɓa gindin mangwaro ya zauna ya kwance ta, ya ce in miƙo masa ta icen. Taka kuwa ya naɗe ta da gyalen marigayiya mahaifiyarmu, Mae, ya rataye a jikin azara.

Na tambaye shi dalili. Ran farko ya ce, “Sheƙinta ya yi yawa, kaji na gudu.” Na ce, “Puk, kajin nan ko kare ba sa gudu.” Washegari ya ce ranar da ya je wat, gidan ibadarmu, da ita babu wanda ya saurari wa'azi, kowa ƙafarsa yake kallo, har tsoho Chhum yana neman gyara gashin baki a jikinta. Rana ta uku cewa ya yi ƙafar attajiri ce, in ya shiga taɓo da ita za ta yi fushi. Rana ta huɗu ban tambaya ba, na gaji.

Ka ce in ƙone tsohuwar. Zo ka ƙone da kanka, jarumi. Jiya matsar da ita kawai na yi don in share ƙasa, sai da ya harare ni har na gama sharar.

Amma Oun, ban da wasa, ɗingishinsa ya ƙaru. Daga gida zuwa bakin gona sai ya huta sau biyu. Ga girbi saura mako biyar, kuma ka san ba mai hana shi riƙe lauje. Ba ya barin in ga dungun. In zai yi wanka sai ya kewaya can bayan tafki, inda gorar nan ta yi duhu.

Kai ne masani, ka faɗa mini yadda zan yi. Na ba mai mota sukarin giginya dunƙule shida da lemu ashirin. Ka ƙirga, don na san halinsa.

Ka ci abinci, ka rame sosai da ka zo.

Yayarka,
Kunthea

*

Phnom Penh, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Bong Kunthea,

Bayan gaisuwa da girmamawa gare ki da Puk da Bong Sambath. Saƙo ya iso, lemu goma sha bakwai ne. Na gode.

Idan sheƙi ne matsalar, abin mai sauƙi ne. A cikin ƙunshin nan akwai guntayen roba uku, kowanne kamar tafin hannu, irin robar ƙafarsa ce. Ki ba shi ya shafa, ya zaɓa.

Na farko mai sheƙi ne, kamar wadda ke wurinsa. Taɓo ba ya kama shi, ruwa kofi ɗaya ya wanke shi, sai dai ƙaya ko tsinke ya ja masa layi kowa zai gani. Na biyu na kashe masa sheƙin da takardar yashi mai laushi. Ba ya ɗaukar ido, ba ya nuna ƙarzuwa, daga nesa kamar fatar mutum. Na uku mai kaushi ne, saƙar safa muke dannawa a jikin robar tun tana da zafi, sai ta fito da zane. Masunta na son shi don ba ya santsi a hannu, amma yana riƙe datti, sai an sa burushi.

Kada ki bari wani ya ba shi shawarar fenti. Fenti ba ya zama a kan wannan robar, mako biyu zai fara ɓarewa kamar fatar maciji. In launin ne bai yi masa ba, muna da faifai mai duhu wanda aka haɗa launinsa tun daga masana'anta. Zan roƙi Neak Kru ta ba ni, in sake aikin daga farko.

Duk wanda ya zaɓa zan yi.

Bong, na rubuta abin da ke sama jiya, na kasa rufe ambulan.

Ki faɗa mini gaskiya. Sheƙin ne, ko don daga hannuna ta fito?

Ba mu taɓa yin maganar nan ba, ni da ke. Ina da shekara goma sha huɗu, aka ba ni kiwon jar saniyarmu, na ɗaure ta sako-sako na tafi kama kaguwa da abokaina. Ta kwance ta wuce jajayen turakun da aka kafa a bakin daji don nuna inda nakiya take. Puk ya bi ta. Ina cikin ruwa na ji ƙarar. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, bai zage ni ba, bai doke ni ba, bai ambaci saniyar ba ko sau ɗaya. Kuma tun daga ranar bai sake duban idona ba. In yana yi mini magana, kafaɗata yake kallo. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Mutane na cewa na bar gona don son birni. Ke kin san abin da ya kawo ni ɗakin aikin nan. Na ɗauka in na mayar masa da ƙafa da hannuna, kyakkyawa, wadda babu irinta a duk lardinmu na Battambang, zai dube ni. Idan ba ya son tawa, ba zan yi gardama ba. Zan roƙi wani ya yi masa, a ce daga asibiti ta zo. Ni dai a raba shi da icen nan kafin girbi.

Wannan shafin naki ne ke kaɗai. Kada ki karanta masa.

Ƙaninki,
Vichea

*

Anlong Svay, 2 ga Disamba

Oun,

Muna gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, maganar da tsawo.

Guntayenka sun iso. Puk ya jera su a kan tabarma ya daɗe yana shafawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Yaron nan ne ya yi duka?” Na ce shi ne. Bai zaɓi ko ɗaya ba, ya zuba su a aljihu. Ranar na yi fushi, ban sa masa barkono a miya ba.

Shekaranjiya na tashi da sassafe zan kai wa malaman wat abinci, na ɗaga kai, babu komai a jikin azara. Na ce a raina ya jefa ta a tafki. Na fita ba takalmi. Can bayan rumbu na hango shi, ƙafarka a jikinsa, yana tafiya daga rumbu zuwa bishiyar kwakwa, ya juyo, ya koma. Yana ƙirgawa a hankali. Ya cije leɓe, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Da ya kai ɗari ya zauna ya kwance ta, sai na ga safar da ke kan dungunsa ta jiƙe da jini.

Na fito na ce, “Puk!” Ya yi maza zai rufe da gyale, na fizge. Oun, a bayan gwiwarsa akwai yanka mai tsawon ɗan yatsa, daidai inda bakin robar ke taɓawa in ya lanƙwasa ƙafa. Ya warke ya sake buɗewa ban san sau nawa ba. Ashe kullum haka yake yi tun ranar da ka tafi, kafin mu tashi. Wai so yake fatar ta saba. Da rana kuma ya ɗaura icen a kan ciwon ya tafi gona.

Na ce, “Don me ba ka faɗa ba? Kaji, wa'azi, attajiri, duk me ke nan?”

Ya ce, “Rage murya. In aka mayar da ita, manyansa za su ce bai iya ba. Aikinsa na farko ne. So kike a kore shi?”

Na ce, “To sai ka ruɓe?”

Ya ce, “Fata ce, za ta saba. Ƙafar ba ta da laifi. Kin ga yadda ya goge ta kuwa?”

Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, shi kuma yana cewa in tashi kada maƙwabta su ɗauka mutuwa aka yi.

Yanzu ga laifina. Ka ce kada in karanta masa shafin nan. Na karanta. Bayan na wanke ciwon da ruwan gishiri na ɗaure, na shiga ɗaki na ɗauko, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ka yi fushi in ka ga dama, na girme ka da shekara takwas.

Ya saurara har na ninke takardar. Sannan ya ce, “Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da wannan?”

Na ce eh.

Ya ce, “Yaro ya ɗaure saniya sako-sako, wane yaro ne bai taɓa yi ba? Ni na taya a kafa turakun nan. Ni nake bi gida-gida ina cewa kowa ya ja wa 'ya'yansa kunne. Ina ganinsu jajaye a gabana, na tsallake, saboda saniya. Aka kawo ni a kan ƙyauren ƙofa ina ihu ina kiran uwata, na buɗe ido, ga yaron tsaye da kaguwa a hannu yana kallona. Daga ranar ya zama shi ke ɗebo mini ruwa, shi ke zubar da abin da na yi a gwangwani. Ya bar makaranta shekara biyu saboda wautata. Da wane ido zan dube shi?”

Ban taɓa jin Puk ya yi magana mai tsawon haka ba, ko ranar da aka ƙona gawar Mae.

Kun gan ku nan, ku biyu. Kai kana kallon ƙasa, shi yana kallon kafaɗarka, ni ina tsakiya ina dafa muku shinkafa.

Na ɓoye ƙafafun duka biyu a gidan surukata. Yanzu da sanda yake yawo, yana zagina, kuma zagin daɗi yake yi mini. Ciwon bai yi wari ba, gefensa ja ne ba baƙi ba. Ka rubuto da sauri.

Yayarka mai laifi,
Kunthea

*

Phnom Penh, 9 ga Disamba

Bong,

Ina gaishe ku duka. Ban yi fushi ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin tanderu, sai da aka janye ni gefe don faifan da na sa ya kusa ƙonewa.

Na san abin da ya faru. Bakin robar na bayan gwiwa ana barinsa da kauri, a ɗumama shi a lanƙwasa shi waje kamar leɓen tulu, don jijiyoyi su sami wurin wucewa in mutum ya zauna ko ya tsuguna. Ni kuwa garin neman sheƙi na yi ta gogewa har bakin ya yi siriri, ya zama wuƙa. Da na gwada masa ita a gida, a tsaye kawai na gan shi. Na ce ya zauna, ya ce ba sai ya zauna ba, ta yi daidai. Ni ma ban matsa ba, don ina ɗokin in ji ya ce ta yi.

Na je na faɗa wa Neak Kru komai, ina jiran ta ce in tattara kayana. Ta ɗage siket ta ƙwanƙwasa tata ƙafar robar, ta ce, “Wannan sau huɗu aka gyara ta kafin mu shirya da ita. Wa ya gaya maka ƙafa na fita ba ta dawo ba? Wadda ba ta dawowa ita ke ba ni tsoro, don mai ita ya jefa ta a lungu ke nan.” Ta ce in gaya wa Puk babu mai korata, kuma shi ma in ya zo hannu zai sha faɗa.

Gyaran bai fi rabin awa ba, amma yana buƙatar wuta da inji, kuma dole Puk yana wurin, ya zauna, ya tsuguna, ya tashi, ina gani. Ta rubuta wa takwarorinmu na cikin garin Battambang su ba ni teburi na yini ɗaya. Sai dai ba za a taɓa komai ba sai ciwon ya rufe sarai. Ki ci gaba da ruwan gishiri safe da yamma, ga magani da bandeji a ƙunshi. In kika ga baƙi ko kika ji wari, kada ki jira ni, ku ɗauke shi zuwa asibiti ko yana zagi.

Girbi kuma kada ya shiga. Na karɓi hutun mako uku. Zan iso ranar ashirin ga wata, ni zan yanke rabonsa.

Abin da ke ƙasan layin nan na Puk ne. Wannan karon ki karanta masa.

Puk, na durƙusa ina gaishe ka. Ƙafar tana da laifi, kuma laifin nawa ne, ƙarami ne, zan gyara. Ɗaya laifin kuwa, na ji abin da ka ce. Ban taɓa ganin wauta a tare da kai ba. Ruwan da na ɗebo maka ban taɓa jin nauyinsa ba. Ina tafe.

Ɗanka,
Vichea

*

Anlong Svay, 14 ga Disamba

Ɗana Vichea,

Ni ne ubanka nake magana, yayarka na rubutawa. Na ce mata kada ta ƙara ko kalma ɗaya.

Ina lafiya. Ciwon ya fara ƙaiƙayi, an ce alamar warkewa ce. Na ji saƙon malamarka. Ka gaishe ta, ka ce na karɓi faɗan tun daga nan.

Sheƙin nan ka rage shi kaɗan. Maganar kaji ƙarya ce, amma maganar Chhum gaskiya ce.

Na wasa maka lauje. Hannunka ya yi laushi a birni, za ka yi kanta ran farko, kada ka ji kunya.

Abu ɗaya nake so. In mun je Battambang, kada su ajiye ni a benci a waje kamar sauran. Ka ce musu ni ubanka ne. Ina so in shiga ciki, a ba ni kujera kusa da teburinka, in ga yadda kake aikin da idona.

Ranar ashirin ina bakin hanya. Ka shigo motar safe.

Ubanka,
Nhean